Baashha: Fim ɗin direban a daidaita sahu da ya ci kujerar minista

A watan Yulin 1995 aka shirya biki a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, domin murnar wani fim da ya cika mako ashirin da biyar ana haska shi a gidajen sinima ba tare da 'yan kallo sun gaji ba. Sunan fim ɗin Baashha. A kan dandamali akwai jarumin fim ɗin, Rajinikanth, kuma kusa da shi akwai wanda ya zuba kuɗin shirya shi, R. M. Veerappan, wanda a lokacin minista ne a gwamnatin jihar Tamil Nadu ƙarƙashin Jayalalithaa.

Kwanaki kaɗan kafin bikin, wasu mutane sun jefa bama-bamai a gidan darakta Mani Ratnam a cikin birnin, har suka ji masa rauni, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan fim ɗinsa mai suna Bombay. Da Rajinikanth ya miƙe yin jawabi, sai ya bar zancen fim ya koma kan wannan. Ya ce al'adar tayar da bam ta fara samun gindin zama a jihar, ya kuma ɗora wa gwamnati alhakin lalacewar tsaro. Minista Veerappan yana zaune yana ji, bai tashi ya kare gwamnatin da yake yi wa aiki ba. Ba a daɗe ba Jayalalithaa ta sallame shi daga majalisar ministocinta. Kafin shekara ta zagayo, ita ma ta rasa mulki.

Domin a gane yadda jawabin ɗan wasa a bikin fim zai yi irin wannan nauyi, sai an san jihar da abin ya faru a cikinta, da mutumin da ya yi jawabin, da kuma abin da fim ɗin ya faɗa wa masu kallonsa.

Jihar da sinima ke haifa mata shugabanni

Yawancin finafinan Indiya da aka saba gani a ƙasar Hausa tun shekarun 1950 na harshen Hindi ne, waɗanda ake yi a Bombay. Amma Indiya tana da masana'antun fim da yawa, kowace da harshenta. Ta harshen Tamil tana unguwar Kodambakkam a Chennai, kuma daga sunan unguwar aka samo laƙabin Kollywood. Tamil harshe ne na mutane fiye da miliyan 70, ba shi da dangantakar asali da Hindi, kuma ana magana da shi a Siri Lanka da Singafo da Malesiya. Fim ɗinsu na farko mai magana, Kalidas, ya fito a 1931.

Abin da ya bambanta wannan masana'anta da sauran shi ne yadda ta cuɗe da siyasa tun da wuri. A 1949 C. N. Annadurai ya kafa jam'iyyar DMK, wadda ke fafutukar kare harshen Tamil da mutanen kudu daga danniyar arewacin Indiya da ta manyan dangogi masu riƙe da addini da ilimi. Annadurai marubucin wasan kwaikwayo ne, haka ma almajirinsa M. Karunanidhi. Sun lura cewa talakan da bai iya karanta jarida ba yana zuwa sinima, sai suka mayar da allon majigi dandalin wa'azin siyasa. Fim ɗin Parasakthi na 1952, wanda Karunanidhi ya rubuta maganganunsa, ya shahara da dogayen jawabai masu sukar camfi da zaluncin masu hali. A 1965 jihar ta yi bore kan yunƙurin mayar da Hindi harshen gwamnati shi kaɗai, a 1967 kuma DMK ta kayar da jam'iyyar Congress. Tun daga ranar Congress ba ta sake kafa gwamnati a jihar ba.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan haɗi shi ne M. G. Ramachandran, wanda aka fi sani da MGR. A finafinansa ya kan fito a matsayin manomi ko masunci ko mai tuƙa keken fasinja, ba ya shan giya, yana girmama uwa, yana kare mata da marayu. Bayan an kore shi daga DMK a 1972 ya kafa tasa jam'iyyar, wadda ta zama AIADMK, ya hau kujerar babban ministan jiha a 1977, kuma yana kan kujerar lokacin da ya rasu a Disambar 1987. A tsarin Indiya babban minista ne ke riƙe da ikon zartarwa a jiha, gwamna kuwa matsayinsa na girmamawa ne. Jayalalithaa, wadda ta gaji jam'iyyar, jaruma ce da ta fito tare da MGR a finafinai 28. Veerappan kuma tsohon amintaccen MGR ne, kamfanin da ya kafa, Sathya Movies, sunan mahaifiyar MGR ya ci. Saboda haka a 1995 duk wanda ya ga jarumi mafi farin jini a jihar yana sukar gwamnati, ya san ba sabon labari yake kallo ba.

Kwandastan da ya zama sarkin allo

Rajinikanth ba Batamile ba ne ta asali. An haife shi a Bangalore ranar 12 ga Disamba 1950 a gidan masu magana da harshen Marathi, sunansa na yanka Shivaji Rao Gaekwad. Ya yi aikin kwandasta a motocin bas na birnin kafin ya tafi makarantar koyon wasan fim a Madras, inda darakta K. Balachander ya gano shi, ya ba shi ƙaramin matsayi a fim ɗin Apoorva Raagangal na 1975, ya kuma raɗa masa sunan da duniya ta san shi da shi.

Da farko a matsayin mugu yake fitowa, wato bos a bakin masu kallon gida. Baƙi ne a masana'antar da ta saba fifita masu hasken fata, maganarsa da sauri, tafiyarsa da gaggawa, yana wulla sigari sama ya cafke da baki. Waɗannan abubuwa da ake zaton za su hana shi zama jarumi su ne suka jawo masa matasan talakawa, domin sun ga mai kama da su a allo. A 1980 ya fito a Billa, wanda aka kwaikwayo daga Don na Amitabh Bachchan, daga nan ya yi ta maimaita finafinan Amitabh da harshen Tamil. Zuwa farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin masoyansa sun bazu a garuruwa da ƙauyuka, suna kafa manyan hotunansa na katako a ƙofar sinima ranar fitar sabon fim, su rataya musu furanni, su kwarara musu madara kamar yadda ake yi wa gumaka a wuraren bauta.

Asalin Baashha ma daga Bombay ya fito. A 1991 Rajinikanth ya fito tare da Amitabh da Govinda a fim ɗin Hindi mai suna Hum, labarin tsohon ɗan daba da ya ɓoye tarihinsa domin ya reni ƙannensa. An tattauna wata fitowa da babban wan zai yi amfani da tsohon sunansa ya samar wa ƙanensa gurbin horon 'yan sanda, amma darakta Mukul Anand ya ajiye ta. Rajinikanth ya riƙe ta a ransa. Shi da darakta Suresh Krissna, wanda suka riga suka yi Annaamalai a 1992 da Veera a 1994 tare, suka gina sabon labari a kan wannan fitowar da aka yar. Marubuci Balakumaran ya tsara maganganu, Deva ya yi kiɗa, aka saki fim ɗin ranar 12 ga Janairu 1995, daidai lokacin bikin girbi na Pongal, wanda shi ne babbar kakar cinikin sinima a jihar.

Mutumin da ya ƙi ramawa

Jarumin labarin, Manikkam, direban keke mai ƙafa uku ne a Madras, irin wanda ake kira a daidaita sahu a Kano. Wasu daga cikin kekunan da ke yawo a titunan Arewa ma na kamfanin TVS ne, wanda hedkwatarsa ke Chennai. Manikkam yana sanye da kaki, yana ciyar da uwa da ƙanne, burinsa ya ga ɗaya ya zama ɗan sanda, ɗaya ta zama likita, ɗaya ta yi aure. Yana gudun faɗa kamar yadda ake gudun wuta. Da ƙanensa ya taka wani ɗan daban unguwa mai suna Indiran, sai Manikkam ya miƙa kansa a madadinsa, aka ɗaure shi a jikin turken fitila a bainar jama'a, aka yi masa dukan kawo wuƙa, bai ɗaga hannu ba.

A nan dabarar fim ɗin take. Masu kallo sun biya kuɗi ne domin su ga Rajinikanth yana duka, sai aka hana su na kusan rabin fim. A maimakon haka ana ba su 'yan alamu. Wani babban jami'in 'yan sanda ya ga Manikkam ya miƙe tsaye ba shiri. Mai wata kwalejin likitanci ya nemi ƙanwarsa da lalata kafin ya ba ta gurbi, Manikkam ya shiga ofishinsa ya ce masa yana da wani suna bayan wanda aka san shi da shi. Daga nan sai aka mayar da kyamara bayan gilashi, aka ɗauke sautin magana. Ba a jin abin da yake faɗa, sai dai a ga mai kwalejin yana zufa, ya tashi daga kujerarsa yana rawar jiki. Wannan ita ce fitowar da aka yar a Hum, bayan an sauya mata riga.

Sai gab da hutun tsakiyar fim, lokacin da 'yan daban suka zubar da jinin ƙanwarsa, haƙurin ya ƙare. Manikkam ya karya su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure Indiran a turken da aka ɗaure shi. Rabi na biyu ya koma baya ya bayyana sirrin: a Bombay an san shi da Manik Baashha, uban daba wanda ya yaƙi wani mugu mai suna Mark Antony, matsayin da Raghuvaran ya taka da murya ƙasa-ƙasa da natsuwar da ta fi ihu ban tsoro. Baashha ya yi ƙaryar mutuwa ya gudo kudu ne domin cika alkawarin da ya yi wa mahaifinsa na kula da iyali.

Abin da masu kallo suka gani a ciki

Labarin Batamile da ya zama uban daba a Bombay yana da tushe a tarihi. Dubban Tamilawa sun yi ƙaura zuwa birnin neman aiki, suka cika unguwanni irin su Dharavi. Daga cikinsu aka samu Varadarajan Mudaliar, wanda ya mamaye harkar giyar ɓoye da satar kaya a tashar jiragen ruwa, da Haji Mastan, wanda ya yi suna a fasa-ƙwaurin zinariya. Mani Ratnam ya riga ya yi fim ɗin Nayakan a 1987 bisa rayuwar Varadarajan, inda Kamal Haasan ya fito. Amma Nayakan fim ne na baƙin ciki, wanda ke tambayar ko mutumin kirki zai iya rayuwa da jini a hannunsa. Baashha bai tsaya kan wannan tambaya ba. Ya ba ɗan kudu daɗin ganin nasa ya je birnin da ake raina shi ya zama abin tsoro, sa'an nan ya dawo gida ya sa kaki.

Sunan ma yana da ma'ana a lokacin. A labarin, Manikkam Bahinde ne, amininsa kuma Musulmi ne mai suna Anwar Baashha. Da mutanen Antony suka kashe Anwar, sai Manikkam ya haɗa sunan abokin da nasa. An rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, rikicin da ya biyo baya a Bombay ya ci rayuka kusan 900, bama-baman 12 ga Maris 1993 kuma suka kashe mutum 257. Ƙasa da shekara biyu bayan haka, jarumi mafi girma a kudu ya fito ɗauke da sunan Musulmi, yana yaƙi saboda jinin Musulmi, kuma fim ɗin bai tsaya yin huɗuba a kai ba. Ya ɗauki abotar a matsayin abin da ba ya buƙatar bayani.

Fitowar kwalejin likitanci ita ma ta taɓa wani miki na zamanin. Kwalejoji masu zaman kansu a kudancin Indiya sun yi ƙaurin suna wajen sayar da gurbi da maƙudan kuɗi, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kan lamarin a 1992 da 1993. Duk uban da ya taɓa tsayawa a gaban teburin mai makaranta yana roƙo ya san abin da yake ji da ya ga mai kwalejin ya miƙe wa direban keke. Su kuwa direbobin, waƙar buɗe fim ɗin, wadda S. P. Balasubrahmanyam ya rera, Vairamuthu ya rubuta, ta zama tamkar takensu. An ɗauke ta ne a yanayin bikin Ayudha Puja, ranar da masu sana'a ke wanke kayan aikinsu su yi musu ado, kuma har yau ana jin ta a tashoshin keke idan ranar ta zagayo.

Fim ɗin ya shafe fiye da shekara guda a sinima, ya zama ɗaya daga cikin mafi ciniki a tarihin Rajinikanth zuwa lokacin. Fassararsa ta harshen Telugu ta samu karɓuwa a jihar Andhra Pradesh, a 2001 kuma aka sake yin sa da harshen Kannada da sunan Kotigobba. Wata magana da jarumin ke maimaitawa, cewa faɗarsa sau ɗaya daidai take da faɗa sau ɗari, ta bar sinima ta shiga bakin yara da 'yan kasuwa da 'yan siyasa.

Zaɓen 1996

Jayalalithaa ta hau mulki a 1991 da gagarumin rinjaye. An kashe Rajiv Gandhi da bam a Sriperumbudur, cikin jihar, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, kuma juyayin kisan ya taimaka wa ƙawancenta da Congress ya lashe kujeru 225 cikin 234, DMK ta tsira da biyu kacal. Amma zuwa 1995 zarge-zargen cin hanci sun yi wa gwamnatin katutu. A watan Satumba na shekarar ta yi wa ɗan riƙonta Sudhakaran bikin aure na almubazzaranci wanda ya zama abin magana a duk faɗin Indiya. Jawabin Rajinikanth ya faɗo ne a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe.

Da zaɓen 1996 ya matso, Firaminista Narasimha Rao ya dage sai Congress ta ci gaba da ƙawance da Jayalalithaa. Jagoran jam'iyyar a jihar, G. K. Moopanar, ya ɓalle ya kafa Tamil Maanila Congress, ya haɗa kai da Karunanidhi. Sabuwar jam'iyyar ta ɗauki keke a matsayin alama, kuma masu yaƙin neman zaɓe suka riƙa haɗa alamar da hoton Rajinikanth a kan keke daga fim ɗin Annaamalai. Shi da kansa ya fito ya mara wa ƙawancen baya, ya yi furucin da aka fi tunawa da shi a siyasar jihar, cewa idan aka sake zaɓen Jayalalithaa, ko Ubangiji ba zai ceci Tamil Nadu ba. Sakamako ya fito: DMK ta samu kujeru 173, jam'iyyar Moopanar 39, AIADMK huɗu. Jayalalithaa ta faɗi a mazaɓarta ta Bargur. A watan Disamba aka kama ta bisa tuhumar cin hanci.

Masoyan Rajinikanth sun ɗauki wannan nasara a matsayin tasa, amma abin da ya biyo baya ya rage wa wannan fassara ƙarfi. A zaɓen tarayya na 1998 ya sake goyon bayan ƙawancen nan, sai ɓangaren Jayalalithaa ya lashe mafi yawan kujerun jihar. A 2001 ta dawo mulki. A 2004 ya bayyana cewa zai zaɓi ƙawancen BJP, wanda a lokacin ita ma take ciki, ƙawancen bai samu ko kujera ɗaya a jihar ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a 1996 ya faɗi abin da ke zuciyar jama'a a lokacin da wasu ke tsoron faɗa, kuma muryarsa ta ƙara wa guguwar ƙarfi. Juya ra'ayin masu zaɓe zuwa inda ba su nufa ba kuwa, wannan ya fi ƙarfinsa.

Shi kansa bai taɓa tsayawa takara ba. Fiye da shekara ashirin masoyansa suna jiran ranar da Manikkam zai tuɓe kaki ya zama Baashha a fagen siyasa, finafinansa kuma suna ta yi musu ishara da cewa lokacin yana tafe. Ranar 31 ga Disamba 2017, shekara guda bayan rasuwar Jayalalithaa, ya sanar cewa zai kafa jam'iyya. A Disambar 2020 ya janye, ya ce lafiyarsa ba za ta ɗauka ba. Veerappan, wanda ya fara biyan kuɗin jawabin, ya kafa wata ƙaramar jam'iyya mai suna MGR Kazhagam, bai sake zama minista ba har ya rasu a 2024. Bayan rasuwarsa Rajinikanth ya ce abin da ya jawo wa dattijon tabo ne da bai gushe masa a zuciya ba.

Gadon da ya bari a allo

Inda tasirin Baashha ya fi daɗewa shi ne a tsarin ba da labari. Mutum mai sanyin hali da ke ɓoye tarihi mai ban tsoro, 'yan alamu a rabin farko, fashewa gab da hutu, sa'an nan komawa baya a rabi na biyu: wannan ya zama ma'aunin da marubutan kudancin Indiya ke ɗinka finafinan faɗa a kansa. A Telugu an gan shi a Samarasimha Reddy na 1999 da Indra na 2002. A Tamil ya dawo a Vedalam na Ajith Kumar a 2015, da Theri na Vijay a 2016, da Leo a 2023, inda mai shagon shayi a yankin duwatsu yake musun cewa shi ne mutumin da 'yan daba ke nema. Mai kallon finafinan kudancin Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa a Kano, irin na Algaita, ya sha cin karo da wannan tsari ko da bai taɓa jin sunan Baashha ba.

A watan Maris 2017 aka gyara hoto da sautin fim ɗin aka mayar da shi sinima, matasan da ba a haifa ba lokacin fitowarsa ta farko suka cika kujeru suna faɗin maganganun kafin jarumin ya buɗe baki. A 2023 Rajinikanth, yana da shekara 72, ya fito a Jailer a matsayin tsohon gandiroba mai ritaya da ke wasa da jikansa har ranar da aka taɓa iyalinsa, fim ɗin ya yi cinikin sama da rupi biliyan 6. A Fabrairun 2024 kuma Vijay, jarumin Theri da Leo, ya sanar da kafa jam'iyyarsa ta siyasa, matakin da masoyan Rajinikanth suka jira daga gwaninsu tun daga bikin nan na 1995.